Wa Ke Biyan Kuɗin Tallan? Toshe Talla a Waya Ba Sata Ba Ce

A ɗauki misalin malamin firamare a Rogo, wanda yake haɗa koyarwa da noman masara. Ya sayi data ta 'yan kwanaki domin ya karanta labarin farashin taki. Ya buɗe shafin wata jarida a wayarsa, amma kafin layin farko ya bayyana, wani bidiyo ya fara kunna kansa. A sama ga tallan cacar ƙwallo, a tsakiya ga bashin gaggawa, a ƙasa ga maganin da aka ce yana warkar da cuta goma. Labarin bai wuce sakin layi biyar ba, amma abin da wayar ta sauke ya ninka shi nesa ba kusa ba, kuma malamin ne ya biya kuɗinsa duka. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi a aljihun talaka.

Idan malamin nan ya sanya manhajar toshe talla a burauzarsa, akwai masu kafafen labarai da za su kira shi ɓarawo. Hujjarsu ita ce akwai alkawarin da ba a rubuta ba: su su ba da labari kyauta, shi kuma ya kalli talla, don haka wanda ya ci labarin ya ƙi tallan ya ci amana. Wannan zargi ba shi da tushe, kuma ya kamata a daina maimaita shi.

Dalili na farko shi ne labarin bai taɓa zama kyauta ga mutumin Rogo ba. Mai sauraron Freedom Radio ba ya ƙara ko kwabo don an saka talla a tsakiyar shiri, haka mai sayen jarida ba a ƙara masa farashi bisa yawan tallan da ke ciki. A intanet kuwa mai karatu ne ke biyan kuɗin dakon tallan zuwa hannunsa. Da zarar ya buɗe shafi, ana yin gwanjon gurbin tallan cikin ƙiftawar ido tsakanin kamfanonin da bai san su ba, wayarsa ta yi ta tuntuɓar rumbunan kwamfuta masu yawa, tana sauke hotuna da bidiyo da ƙananan manhajojin da ke bibiyar sawunsa. A 2015 jaridar New York Times ta gwada manyan shafukan labarai 50 a waya, ta gano cewa fiye da rabin datar da aka kashe ta tafi ne ga talla da makamantansa. Wannan a Amurka ke nan, inda sabis ke da ƙarfi. A ƙauyukan Karaye da Rogo, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma mutane da dama sai sun biya mai caji kafin waya ta kunnu, nauyin shafi yakan zama bambanci tsakanin karanta labari da haƙura da shi.

Bahaushe bai taɓa ƙin talla ba, amma yana da ladabinsa. 'Yar talla takan tsaya ta yi sallama, in an ce an gode ta wuce. Ba ta bin mutum har ɗaki, ba ta rubuta inda ya je jiya da abin da ya saya, ba ta kuma karɓar kuɗin mota a hannunsa don ta nuna masa hajarta. Tallan intanet yana yin duka ukun. Mai toshe shi ƙofar zaurensa kawai ya rufe, kuma ba a taɓa kiran wannan sata ba. Ko a Jamus, inda kamfanin jaridu na Axel Springer ya maka masu Adblock Plus a kotu, babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a Afrilun 2018 cewa toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwanci ba.

Dalili na biyu shi ne tsaro. A Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara na sayen gurbin talla a sakamakon bincike, suna kwaikwayon shafukan kamfanoni na gaskiya domin satar lambobin sirri, ta kuma ba da shawarar amfani da manhajar toshe talla. Mai POS a kasuwar Karaye da ke neman lambar bankinsa cikin gaggawa, ko ɗan bautar ƙasa a sansanin Kusalla da ke neman shafin cike fom, yana iya danna tallan da ke saman shafi yana zaton shi ne na gaskiya. Ƙasar da ta ga durƙushewar MMM a 2016 da CBEX a 2025, wadda hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin manhajojin bashi a 2022 saboda tozarta jama'a, ta riga ta san illar romon baka a allon waya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba ɗan Najeriya iko a kan bayanansa, amma mutumin Rogo ba zai ɗauki lauya don wani kamfanin ƙetare ya bibiye shi ba. Manhajar da ke hana bibiyar tun daga wayarsa ita ce kariyar da hannunsa ke kaiwa.

Sai dai duk wanda ya tsaya a nan bai yi adalci ba, domin toshe talla yana da illa ta gaske. Ɗan jarida yana cin abinci, yana shan mai, yana biyan haya. Fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina sun samu masu kallo ta YouTube, inda talla ke mayar wa furodusa wani ɓangare na abin da ya kashe. Idan kuɗin talla ya ƙafe kuma babu madadinsa, labarin ba ya mutuwa, hannu yake sauyawa ya koma ga mai iya biya, wanda a Kano galibi ɗan siyasa ne. Karaye ta ga haka da idonta. An ƙirƙiri masarautarta a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, sannan aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. A irin wannan dambarwa, al'ummar da ba ta da kafar da ke cin gashin kanta sai ta dogara da sojojin baka, kowa na faɗin abin da ubangidansa ya biya.

Su ma masu manhajojin ba waliyyai ba ne. Tun 2011 Adblock Plus ke barin wasu tallace-tallace su wuce, kuma manyan kamfanoni na biyan kuɗi don shiga wannan sahu. Manhajar takan kuma lalata wasu shafukan biyan kuɗi da na cike fom har sai an kashe ta. Mafi muni, abin da aka sanya a burauza ba ya taɓa tallan da ke cikin manhajar Facebook ko TikTok, don haka ƙaramar jarida ce ke shan duka, manyan kuma su wuce lafiya. Google, wanda talla ne babbar hanyar samun kuɗinsa, shi ke da Chrome, kuma daga 2024 ya fara kashe uBlock Origin a cikinsa bisa sababbin ƙa'idoji.

Duk da haka, masu zargin sata suna tsallake wata gaskiya: wannan tsari bai taɓa ciyar da aikin jarida na Hausa yadda ya kamata ba. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da Google ya amince da su a tsarin tallansa na AdSense, kuma abin da ake biya kan idon mai karatu a Najeriya bai kama ƙafar na Turai ba. Shi ya sa ƙananan shafuka ke faɗawa hannun dillalan talla na ƙasa-ƙasa, masu kawo caca da hotunan da mutum ba zai so ɗansa ya gani ba. Shi ya sa kuma ake yawaita kanun labarai na yaudara, tunda yawan dannawa ake biya, ba ingancin rahoto ba. Malamin Rogo yana asarar data da sirri da natsuwa, mai shafin kuma ya tashi da ɗan canji. Ribar tana hannun dillalan da ke tsakiya.

Saboda haka mai karatu yana da haƙƙin toshewa, ko ta Firefox da uBlock Origin a Android, ko ta Brave, ko ta Opera Mini da ke ɗauke da nata. Amma haƙƙin bai sauke masa nauyi ba, musamman ma'aikacin banki ko likita ko lauya da ke karanta jaridun Hausa kullum bai taɓa biyan sisi ba. Kowace manhaja tana da maɓallin buɗe wa shafin da aka yarda da shi, kuma duk kafar da mutum ke dogara da ita ta cancanci wannan, ko kuɗin wata, ko gudummawa. Masu kafafen kuma su koyi darasi daga rediyo: su nemi tallan mai taki da mai makaranta da mai kantin magani kai tsaye, hoto ɗaya mara nauyi, wanda edita ya gani ya amince kafin ya hau. Babu mai gudun irin wannan. Hukumar ARCON, da aka ɗora wa kula da talla tun 2022, ita ma tana da aiki a kan caca da magungunan bogi.

Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, mai karatu kwabonsa yake miƙawa ya karɓi jarida, kowa ya san wa ya biya kuma me ya saya. Malamin Rogo har yau yana biyan nasa kwabon, sai dai kamfanin waya da dillalan talla ne ke raba shi. Aikin da ke gaban masu jarida shi ne su nemo hanyar da kwabon zai iso hannunsu, su daina zagin wanda ya rufe ƙofarsa.