Takardunmu Tsakanin Gara da Mai Ƙosai

Kowace shekara idan zangon karatu ya zo ƙarshe, akan yi bikin miƙa ragamar Ƙungiyar Hausa ga sababbin shugabanni. A ci, a sha, a yi jawabai, a ɗauki hotuna. Abin da ba a miƙawa shi ne takardun ƙungiyar. Littafin da magatakarda ya shekara yana rubuta bayanan taro a cikinsa, da wasiƙun da aka aika wa sarakunan Hausawa na gari, da rasiɗan ma'aji, da rubutun wasan kwaikwayon da aka nuna a Makon Hausa, duk sai su bi tsohon magatakarda cikin jakar bakko zuwa bautar ƙasa. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Wanda ya gaje shi kuwa sai ya sayi sabon littafi ya fara daga shafin farko, tamkar jiya aka raɗa wa ƙungiyar suna. Wannan sakaci ne muke son shugabannin ɗalibai da malamai da hukumar jami'a su dubi girmansa.

Mun san abin da wasu za su ce, wai me ke cikin shirmen ɗalibai da har za a ɓata masa wuri a laburare? To, mai wannan magana ya waiwayi Ibadan. A mujallar ɗalibai mai suna University Herald Chinua Achebe ya fara fitar da gajerun labaransa, har ya zama editanta a zangon 1951 zuwa 1952. A 1958 kuma J. P. Clark, yana ɗalibi, ya fara fitar da wata 'yar mujallar waƙoƙi, The Horn, wadda ake gurzawa da inji a kan takarda mai araha. A cikinta waƙoƙin Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka fito. A yau babu manazarcin da zai yi maganar mafarin adabin Nijeriya na Ingilishi bai ratsa ta waɗannan 'yan shafuka ba, kuma ya sami ratsawar ne domin wani ya ga dacewar ajiye su a lokacin da ba su da wata daraja a idon jama'a. Wa ya ba mu tabbacin cewa babu irin waɗannan a cikin yaran da ke kawo mana waƙoƙinsu ga wannan mujalla da ke hannun mai karatu?

Mu da ke nan Kudu ma hujjarmu ta fi ƙarfi. Manyan Arewa suna da gidajen da ke kula da tarihinsu: akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, akwai kuma Mambayya a Kano, gidan Malam Aminu Kano. Amma ɗalibin da ya taso a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Shagamu, ɗan mai fataucin goro ko dillalin shanu, wanda ya shigo jami'a da Hausa da Yarabanci a bakinsa, wace ma'adana ce za ta riƙe labarinsa? Littafin da ya fi shahara a kan Hausawan Sabo, wani baƙo ne, Abner Cohen, ya wallafa shi a 1969. Ba ma raina aikinsa. Sai dai jikokin mutanen da ya yi nazari a kansu yanzu su ne ke zaune a azuzuwanmu, suna rubuta nasu da hannunsu, ana kuma barin abin da suka rubuta yana ruɓewa a ƙasan kabad. Wanda ya san daminar Kudu ya san abin da laima ke yi wa takarda kafin ma gara ta iso.

Na malamai ya fi ban tausayi. Malami zai yi shekara 30 yana yawon ƙauyuka da rikoda, ya tara kaset-kaset na makaɗa da maroƙa, da waƙoƙin ajami da ya kwafo daga hannun tsofaffi, da wasiƙun da suka yi musaya da marubuta. Ran da ya kwanta dama, sai a ba iyali wa'adin tashi daga gidan jami'a. A cikin wannan ruɗani wa zai tsaya tantance takarda? Littattafai masu bango a raba su gado, wannan ɗa ya ɗauki juzu'i na ɗaya, wancan ya tafi da na biyu. Tarkacen fayil-fayil kuwa, waɗanda a cikinsu ainihin aikin yake, su ƙare a hannun mai ƙosai da mai tsire. Ba laifin magada ba ne, domin ba a taɓa nuna masu ƙofar da za su kai kayan ba.

Idan aka zo nan sai ka ji an ɗaga murya ana kukan Turawa sun kwashe mana kaya. Gaskiya ne takardun Malam Umaru Falke, malamin nan ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, waɗanda suka haura 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Rubutun hannun Amos Tutuola yana Texas, takardun Soyinka da na Achebe suna Harvard. Abin da zafi a ce ɗan Kano sai ya nemi biza kafin ya karanta abin da kakansa ya rubuta. Amma mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: waɗancan suna nan, an jera su, an yi masu lamba. Masu kukan nan fa, fayil nawa suka taɓa kai wa laburaren da ke tsallaken ofishinsu? Alhali a ƙasar nan aka kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa tun 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, kuma a laburaren Jami'ar Ibadan ake ajiye da takardun Herbert Macaulay.

Akwai masu tsoron tonon asiri, kuma tsoronsu yana da tushe. Waɗanda suka ga 1978, lokacin zanga-zangar Ali Must Go da aka harbe ɗalibai aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, sun san jerin sunaye na iya zama tarko. Maganin wannan sananne ne ga ma'aikatan adana takardu: mai kaya ya gindaya sharaɗi a rubuce cewa ba za a buɗe fayil kaza ba sai bayan shekara 20 ko 30. Ƙona takarda don tsoron yau kuwa yana nufin gobe mai rubuta tarihi ba shi da madogara sai jarida da rahoton hukuma, wato bakin ɓangare ɗaya. Masu cewa ai laburare ma yana ƙonewa, suna nuni da gobarar Jami'ar Jos ta watan Oktoba 2016, sai mu ce wannan dalili ne na ɗaukar hoton kowane shafi a ajiye kwafi a wani wuri dabam. Masu taƙama da cewa komai nasu yana cikin WhatsApp kuma, muna tambayarsu ina bayanan taron shekara 5 da suka wuce, bayan an sace wayar magatakarda a tashar mota?

Abin da muke nema bai kai kuɗin lemon biki ɗaya ba. A sa doka a tsarin mulkin ƙungiya cewa ba za a ba shugaba mai barin gado takardar yabo ba sai ya kawo shaidar laburare cewa ya miƙa fayil ɗin shekararsa, haɗe da kwafi 2 na wannan mujalla da abin da aka buga daga waya. Malamanmu kuma, musamman waɗanda ritaya ta ƙarato, su rubuta wasiyya tun suna da ƙarfi, su mayar da kaset da takardunsu waƙafi ga jami'a, yadda ba za su shiga rabon gado ba. Shugaban laburare ya ware mana kabad ɗaya na ƙarfe a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo, da ma'aikaci ɗaya da zai riƙe rajista. Muna sa ran ganin wannan batu a ajandar taron sashe na farko a zango mai zuwa, kafin shugabannin bana su ɗaure kayansu.