Zaman Iyali: Kada Mu Ƙone Kututture

A wannan wata za mu duba wata kalma ta Faransanci wadda yaranmu na ƙasar Nijar sukan gamu da ita a makaranta, wato souche. Ana faɗinta "sush".

In manomi ya ce souche, yana nufin kututture, abin da ya rage a ƙasa bayan an sare itace. In mai kiwon kaji ne ya faɗa, yana nufin irin kajinsa, zuriyar da ta fito daga tushe ɗaya, ko masu ƙwai ko na nama. Likita kuma da ita yake rarrabe ire-iren ƙwayar cuta guda. Ga mutum kuwa, asalin kakanninsa ke nan.

To, me ya haɗa guntun itace da zuriya? Amsar tana cikin gonakin Maraɗi. A shekara ta 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sarewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa, saiwoyinsu kuwa na nan da rai. Sai manoma suka fara zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi, suna datse sauran, suna tsare su. Shi ne sassaben zamani. An kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Ashe abin da ido ya ɗauka matacce, mafarin zuriya ne.

Annabi Ishaya ya riga ya nuna mana wannan a sura 11. Gidan Dawuda ya zama kamar sararren itace, amma daga kututturen Yesse Almasihu ya toho. Wasu fassarorin Littafi Mai Tsarki na Faransanci da souche suka kira wannan kututture.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Akwai ɗan da ya bar sujada, mun fid da rai a kansa. Akwai auren da ya bushe, miji da mata ba sa ko cin abinci tare. Muna gaggawar cewa a tone a ƙone. Amma mu ba mu ganin saiwa, Allah ne yake gani. Namu shi ne mu tsare ɗan tohon da ya rage da addu'a, da haƙuri, da tsautawa cikin ƙauna.

Ubangiji ya ba mu idon manomi mai haƙuri. Amin. Sai wata mai zuwa.