Wasiƙa a Buɗe Ga Direbobin Hayar Gaya da Ajingi



Ƙorafin samarinku masu sababbin Sharon ya iso mana: don me mota mai lafiya za ta wuni tana jiran layi, a fara loda kwarababbiyar Golf da sai an tura take tashi? Suna so yuniyon ta riƙa gabatar da wanda ya fi cancanta.

Ku bi a hankali. Ranar da aka soke layi, mai cancanta zai zama wanda ya fi jiƙa hannun ɗan kamasho, ko ƙanin matar ciyaman.

Matuƙan jirgin sama na Amurka sun daɗe da wannan gardama. Babbar ƙungiyarsu, ALPA, da aka kafa a 1931, ta tsaya kan jerin shigowa aiki. Lambarka ce ke yanke ranar da za ka hau kujerar kyaftin, da hanyar da za ka zaɓa, da hutunka. Ka sauya kamfani, ka koma ƙarshen layi ko da furfurarka. Hujjarsu ita ce, in manaja ke auna gwaninta, gwani a wurinsa shi ne wanda ya yarda ya tashi cikin hadari. Wanda lamba ta tsare shi ke iya cewa ba zai tashi ba. Haka dattijon da ya ƙi cusa fasinja biyu a gaba: layi ne ke hana a yi masa horon yunwa.

Sai dai ga inda kuka bar gini tun ran zane. Matuƙin nan, komai tsufan lambarsa, aƙalla sau ɗaya a shekara likita na duba shi, a kuma sa shi cikin na'urar gwaji a kashe masa inji a gani. Ya kai shekara 65, ya sauka. Ku kuwa, tun da aka kafa yuniyonku ta NURTW a 1978, abin da aka fi ƙwarewa a kai shi ne yankan tikiti. Ranar Juma'ar kasuwar Wudil ku leƙa ƙarƙashin motocin da ke layi: taya ta suɗe har waya ta fito, an ɗaure but da igiya, direba ido jawur.

Kafin a rubuta lambar mota, a sa bakanike da dattawa biyu su taka birki, su duba taya da fitila. Wadda ta faɗi ta tafi gareji, a ajiye mata gurbinta har ta dawo. Ku fara da motar ciyaman.

Naku,
Wani fasinjanku