Ta shigo ta 12, aka ce ita ce ta uku

Ranar da na aika wa Hajiya hoton jikarta a cikin kwalekwale, ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Ke, aikin asibiti kika je yi Ingila ko su? Yarinya mace ki ɗora ta a kan ruwa ita kaɗai?" Na ce, "Hajiya, akwai masu kula da su." Ta ce, "Kin manta Bagwai ke nan." Na yi shiru, don ban manta ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, mutum sama da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Duk uwar da ta taso a Kano, in ta ji an haɗa yaro da kwalekwale a magana ɗaya, sai gabanta ya faɗi.

Ga shi kuwa yau shekara biyu ke nan, duk Lahadin da ba na bakin aiki, a bakin ruwa nake yini.

Garin da muke zaune yana tsakiyar Ingila, ba teku kusa da mu. Abin da muke da shi dam ne na ruwan sha, wanda ko kusa bai kai Tiga ba, kuma a gefensa akwai wani ƙaramin kulob na masu tuƙa kwalekwale da iska. Makaranta ce ta kai su babbar 'yata can yini guda, ta dawo ta hana ni sakat. Waɗannan jiragen ba inji, ba tuƙi da itace. Doguwar sanda ce a tsaye, an ɗaura mata ƙyalle mai faɗi, iska ta buga shi jirgi ya tafi. Hannu ɗaya yana riƙe da igiyar ƙyallen, ɗaya yana riƙe da sandar juya jirgi. Jirgin ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai a yi ta karkata, dama, hagu, dama, hagu, har a kai inda ake so. Muka saya mata tsohon jirgi samfurin Topper, na roba, a hannun wata mata da ɗanta ya girme shi. Kuɗinsa bai kai na sabuwar wayar da ta daɗe tana naci a saya mata ba.

Ranar tserenta na farko jirage 14 suka fito, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai dogaye masu ɗaukar mutum biyu, akwai Laser irin wanda ake tsere da shi a gasar Olamfik, akwai wani ɗan mitsitsi mai suna Optimist, kamar kwamin wanka, da yaro ɗan shekara tara a ciki. Aka busa ƙaho saura minti biyar, aka sake busawa saura huɗu, saura ɗaya, sannan aka sake su gaba ɗaya. Kafin su zagaya alamar farko manyan jirage sun ba ta rata mai nisa. Ta shigo ta 12, leɓenta ya yi fari don sanyi. Na shirya kalaman rarrashi, na zuba mata shayi.

Da aka taru a ɗakin kulob ana karanta sakamako, sai na ji an kira sunanta a matsayi na uku. Aka tafa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ɗauka tausayi ne, an ga sabuwa, an ga baƙar fata, an ce bari a ƙarfafa mata gwiwa. Na bi dattijon da ya riƙe agogo har bakin ƙofa, na ce masa cikin ladabi, mun gode, amma ba na so a saba wa yarinyata da kyautar da ba ta ci ba, da idona na ƙirga jirage 11 a gabanta. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya jawo takarda. Kunyar da na ji a ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Ashe kowane samfurin jirgi yana da lambarsa, wadda ke nuna gudunsa. Mai gudu lambarsa ƙarama ce, mai nauyin tafiya lambarsa babba. In an gama tsere sai a ɗauki lokacin da mutum ya ɓata, a ninka sau 1000, a raba da lambar jirginsa. Abin da ya fito shi ne lokacinsa na gaskiya, da shi ake jera mutane. A takardar ranar, Laser yana da 1100, Topper kuma 1365. Wani mai Laser ya gama a minti 50, lissafi ya mayar da shi minti 45 da daƙiƙa 27. 'Yata ta gama a minti 60 cif, nata ya koma minti 43 da daƙiƙa 57. Ya riga ta shigowa da minti goma, amma ita ta fi shi da minti ɗaya da rabi, domin ta fi shi tatsar abin da jirginta ke iya bayarwa.

Ya kamata a ce ni ce farkon mai ganewa. Kullum a wurin aiki sai na ɗora yaro a sikeli kafin in auna masa magani, ba na ba mai kilo 20 abin da zan ba mai kilo 80 in ce na yi adalci.

Sunan tsarin Ma'aunin Portsmouth. Wani mutum mai suna Stanley Milledge ne ya fara shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kulob ɗin Langstone kusa da birnin Portsmouth, daga baya hukumar wasan ta ƙasa, RYA, ta karɓi ragamarsa. Abin da ya burge ni shi ne ba a ofis ake ƙirƙiro lambobin ba. Kulob-kulob na faɗin ƙasar ne ke aika sakamakon tserensu, a tattara, a duba yadda kowane samfuri ya yi a hannun mutane iri-iri, a fitar da sabon jeri a farkon shekara. Kowane kulob kuma yana da damar ɗan gyara lambar gwargwadon ruwansa.

Kada ku ɗauka ba a gunaguni. Ana yi, sosai ma. In an rage wa wani samfuri maki biyar, sai ki ji dattawa suna mita a kan shayi kamar an rage musu fansho. Kuma wani ƙorafin da gaskiyarsa. Lamba ɗaya ce ake amfani da ita ko iska ta yi ƙarfi ko ta kwanta, alhali wani jirgin sai iska ta taso yake nuna kansa, wani kuma a lallausar iska yake jin daɗi. Mafi ciwo shi ne iska ta mutu bayan manyan jirage sun shigo, ta bar ƙanana a tsakiyar ruwa agogo yana cin su. Ya taɓa faruwa da 'yata, ta dawo gida ba ta yi wa kowa magana ba. Don rage wannan ne wasu ranakun ake tsayar da kowa kusan lokaci guda, a ƙirga zagayen da ya yi, a fitar da matsakaicin lokacin zagaye ɗaya.

Akwai kuma inda muka saɓa da Maigida. Ranar Laraba da yamma kulob ɗin yana ƙara wa sababbi rangwame na kansu, ban da na jirgi, a riƙa rage shi yayin da hannunsu ke faɗawa. Shi yana ganin hakan daidai ne, yana hana sabon shiga karaya. Ni kuwa na fi natsuwa da lambar jirgi kaɗai, don tana cire bambancin aljihu ta bar bambancin iyawa. Mai tsohon jirgin da aka saya a hannu yana iya doke mai sabo fil, amma wanda bai iya ba, bai iya ba. Yarinyar ma ɓangarena ta bi, ta ce a cire sunanta daga rangwamen Laraba. Babanta ya ce taurin kai ne ta gado, bai dai faɗi daga wurin wa ba.

Tseren da na fi son kallo shi ne na kora. A nan ba a jiran lissafi. Mafi nauyin tafiya shi ake fara saki, sai mai bi masa, har a zo kan mafi gudu a ƙarshe, kamar yadda muke yi muna yara, yaya ya ce wa ƙani, "Je ka, na ba ka rata." An yanke lokaci, in ƙaho ya tashi wanda ke gaba shi ya ci. Sai ki ga ɗan Optimist shi kaɗai a gaba yana waiwaye, manya suna taho masa kamar shaho. A dam ɗin Queen Mary da ke kusa da Landan ana yin irinsa a watan Janairu, cikin tsananin sanyi, jirage fiye da ɗari. Ita dai tana ta roƙo, ni kuma ina ta cewa sai ta ƙara girma.

Wani abu kuma, ba alƙalin wasa a kan ruwa. In kin taɓa alama, ke za ki hukunta kanki, ki juya jirgi sau ɗaya. In kin shiga haƙƙin wani jirgin, sau biyu. Na taɓa hango ta da madubin hangen nesa tana juyi ita kaɗai a can ƙarshen dam, ba kowa kusa da ita. Da ta fito na tambaya, ta ce, "Umma, gefen jirgina ya goge alamar." Matsayi biyu ta rasa a ranar.

Ba kowa ne ke tsere ba. Kusan rabin 'yan kulob ɗin yawo kawai suke yi. Su ɗauki filas da burodi, su tafi ɗaya gefen ruwan, su ɗaure jirgi su zauna. Da bazara sukan ja jiragensu da mota zuwa tafkin Ullswater a arewa, ko kogunan Norfolk a gabas, su kwana biyu. Yawancinsu Wayfarer suke tuƙawa, jirgi mai faɗi da natsuwa wanda Ian Proctor ya zana a 1957, shi ne kuma ya zana Topper ɗin 'yata. Tsawonsa bai cika mita biyar ba, ba rufi ba ɗaki, amma a 1963 wani mai suna Frank Dye da abokinsa suka tuƙa shi daga Sikotland har Aisland. Masu yawo suna kiran masu tsere marasa haƙuri, masu tsere suna ce musu 'yan shan shayi, amma ranar gyaran kulob tare suke fenti.

A cikinsu wata tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya ta matsa sai na shiga nata. Na fito daga aikin dare, kwana uku a jere, kaina kamar an daka. Da iska ta cika ƙyallen jirgin ya karkata, na saki salati da ƙarfi na riƙe mata hannu. Bayan minti goma sai na lura ba ƙarar na'ura, ba mai danna ƙararrawa yana kiran nas, sai ruwa yana shafar gefen jirgi. Ban ce zan koya ba. Na dai sake shiga sau huɗu.

Yanzu bari in sa rigar aikina, don na san tambayar da za ta cika ƙasan shafin nan. Waɗannan jiragen suna kifewa, kuma tun makon farko ake koya wa yaro ya kifar da nasa da gangan ya tayar da shi. Ba mai taka gadar shiga ruwa ba rigar kariya, ko shi ne shugaban kulob, kuma ba a fara tsere sai jirgin ceto mai inji yana kan ruwa da mutum biyu. Babban haɗarin ruwan Ingila sanyinsa ne. In ya yi ƙasa da digiri 15, mutum yana faɗawa numfashinsa zai ƙwace, ya ja iska ba da niyya ba, bugun zuciya ya hau, ko da gwanin iyo ne. Shawarar ƙungiyar ceto ta RNLI ita ce kada a yi kokawa da ruwan, a kwanta rigingine, a buɗe hannu da ƙafa, a jira kamar minti ɗaya numfashi ya dawo. Na sa ta maimaita min wannan har ta gaji da ni. In kuma yaro ya yi zazzaɓi da ciwon jiki cikin makonni kaɗan bayan shiga ruwan dam ko kogi, a gaya wa likita ya shiga ruwa, don akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera.

Batun sutura, rigar sanyin ruwa tana kama jiki, don haka tana ɗora riga mai hana iska da wando mai faɗi a kai. Hijabinta na wasanni ne, gajere, ana cusa shi cikin riga, saboda mayafi mai reto a tsakanin igiyoyi haɗari ne. Islamiyya mun mayar da ita Asabar. Akwai wurin sayar da giya a kulob ɗin, mu dai iyakarmu teburin shayi, kuma dattijon nan mai agogo shi ya nuna mana ɗakin ajiyar kaya inda muke sallar Azahar.

Kulob ɗin ba shi da ma'aikata, 'yan ƙungiya ne ke karɓa-karɓa, kuma Lahadi mai zuwa layi ya zo kaina. Ni zan zauna a ɗan ɗakin bakin ruwa da agogo da biro, ina rubuta lokacin kowane jirgi. Na gaya wa Hajiya a waya jiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ita rigar da ke hana nutsewar, nawa ake sayar da ita? In za ki zo da Sallah ki taho da ko guda biyar, akwai yaran gidan Kawunki da ke tsallaka ruwa zuwa makaranta."