Garin neman gira kada a rasa ido: batun cire sandar daidaito daga motocin Adar

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san hanyoyinta ba su tausayin mota, balle fasinja. Da zarar matafiyi ya bar kwalta a gundumar Madawa, ko Buza, ko Keita, ya nufi garuruwa irin su Karofan, Tabotaki, Garhanga ko Ibohaman, sai ya haɗu da duwatsu da gangare da ƙoramu waɗanda ruwan damina ke sake wa kamanni kowace shekara. Wannan ya sa motocin kat-kat, irin su Land Cruiser da Hilux, suka zama raƙuman wannan zamani a gundumomin nan uku. Su ke kai ƴan kasuwa da hajarsu, su ke fito da albasa daga fadamun Tarka da Maggiya, su ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin gunduma cikin tsakar dare.

A kan waɗannan motoci ne wata dabara ta sami karɓuwa wurin wasu direbobi da makanikai, wato kwance sandar daidaito, wadda a gareji ake kira bar sitabilizatiris, a jefar da ita gefe. Wani yana cire ta da gangan, wai domin mota ta yi laushi, ta daina jijjiga mutane. Wani kuwa robobinta ne suka cinye, ta dame shi da ƙara, sai makaniki ya ce masa ƙarfen banza ne, a fidda shi a huta. Ra'ayin wannan shafi shi ne, ɗan daɗin da ake samu bai kai kwatankwacin haɗarin da ake sayowa ba, musamman ga motar da ke ɗaukar jama'a.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san ko mene ne aikin wannan ƙarfe. Sanda ce ta baƙin ƙarfe mai tauri, an lanƙwasa bakunanta biyu, an gicciya ta ƙarƙashin mota. Tsakiyarta tana maƙale da ƙashin mota cikin robobi, bakunanta kuma ɗaya yana haɗe da ƙafar dama, ɗaya da ƙafar hagu. Idan ƙafafun biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi cikin robobinta, ba ta hana komi. Amma idan mota ta shiga kwana, nauyinta ya koma gefe guda, jikinta ya nemi kwantawa, to, sai sandar ta murɗe, ta yi gardama, ta tallabe gefen da ya nutse. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi rajistar ta, kuma har yau masu ƙera motoci ba su yar da ita ba.

Adalci ya wajabta a faɗi gaskiyar masu cirewa. Lalle idan mota tana rarrafe cikin ƙorama ko bisa duwatsu, ƙafa ɗaya a rami ɗaya a tudu, sandar tana ɗaure ƙafafun, tana hana kowace ta bi ƙasa yadda take so. A irin wannan wuri motar da ba ta da sanda ta fi taka ƙasa, ba ta saurin ɗaga ƙafa sama, kuma kawunan fasinja ba su kaɗawa dama da hagu ƙwarai. Direban da ya ce ya ji bambanci bai yi ƙarya ba.

To amma wahalar da ta fi damun matafiyin Adar ba ta nan take fitowa ba. Abin da ke karya ƙugu, ya kwance ƙusoshi, ya fasa ƙwai cikin kwando, shi ne gargadar nan ta hanyar jan ƙasa, wadda ke jere kamar kunyoyin gona. A kan gargada kuwa ƙafafun biyu tare suke hawa, tare suke sauka, wato daidai halin da sandar ba ta da wani aiki sosai. Masu laifin na gaskiya sanannu ne: amortisar da ya mutu tun bara ba a sake shi ba, da fallayen sifirin da aka ƙara domin mota ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, da iskar da ake dura wa taya har ta yi tauri kamar dutse. Wanda ya bar waɗannan ya kama sanda, ya yi kamar mai ciwon haƙori da ya je aka yi masa aski.

Abin da aka rasa kuwa ba ya bayyana sai ranar da ake bukatarsa. Motar kat-kat doguwa ce, an ɗaga ta nesa da ƙasa domin ta tsallake duwatsu, saboda haka nauyinta yana sama tun daga masana'anta. A ranar kasuwa kuma sai a ɗora mata buhuna har su wuce rufi, a ɗaure awaki, mutane su zauna bisa kaya. Kowane buhu da aka ƙara a sama yana ƙara wa motar son kwantawa. Idan babu sanda, jikin mota yana karkata fiye da ƙima, nauyin da ke sama ya zame wajen kwana, ƙafafun ciki su yi sakayau. Ga kuma wani lissafi da ɗan makaranta ya sani: ƙarfin da ke tura mota waje cikin kwana ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin turawar ya ninka sau 4. Kwanar da aka sha lafiya da gudun kilomita 30 a awa, wata aba ce dabam da gudun 60.

Mafi muni shi ne kaucewar gaggawa. Jaki ya faɗo hanya, ko yaro ya biyo akuya, direba ya murɗa sitiyari dama, nan take ya maido hagu. Motar da ke da sandarta tana karkata kaɗan ta dawo. Wadda aka cire wa tana yin lilo, ta kwanta dama, kafin ta miƙe an jefa ta hagu, karkata ta biyu ta fi ta farko, daga nan sai abin da Allah ya yi. Haka kuma cire ta gaba kaɗai, a motar da ke da biyu, yana sa bayan mota ya riƙa neman wuce gabanta cikin kwana, abin da ko gwanin direba ba kullum yake iya tarewa ba bisa tsakuwa.

Tsofaffin direbobi sukan kawo hujja da Land Rover na shekarun 1970, su ce yawancinsu ba su da wannan sanda, amma sun ratsa Adar ciki da waje. Haka ne. Sai dai waɗancan motoci suna bisa sifirin mai falle-falle gaba da baya, mai tauri ƙwarai, kuma gudunsu kaɗan ne. Motocin yanzu sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun shekarar 1999 kamfanin Toyota ya sauya sifirin gaban Land Cruiser jerin 70 zuwa mai murɗe, wanda ya fi laushi, kuma an auna laushin nan ne tare da sandar da ke tallabe shi. Wanda ya cire ɗaya ya bar ɗaya ya ɓata ma'aunin da aka gina motar a kai.

Su kansu masu ƙera motoci sun san amfanin sakin sanda cikin duwatsu, amma a dubi irin hattarar da suka yi. Tun daga 2007 motar Jeep Wrangler Rubicon ta Amurka take da maɓallin da direba ke latsawa ya saki sandar gaba, to amma da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 29 a awa, motar da kanta take neman maida ita. Toyota kuma ta fito da tsarin da ake kira KDSS a 2004, wanda daga baya aka sa wa Land Cruiser jerin 200, mai sassauta sanda cikin ramuka, ya ɗaure ta cikin kwana. Injiniyoyin nan sun yarda a saki sanda a wurin rarrafe kawai, ba su yarda mota ta yi gudu ba tare da ita ba. Sifanar makaniki kuwa ba ta san wannan bambanci ba, in ta kwance, ta kwance ke nan.

A nan ne matsalar Adar take, domin babu motar da ke ƙare rayuwarta cikin ƙorama. Wadda ta yi rarrafe da safe a bayan Tamaske, ita ce da hantsi take sheƙa gudu zuwa Tawa. Wadda ta fito daga Bangi ko Urno, ita ce za ta hau babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni da Madawa ta nufi Maradi, ta shiga tsakanin manyan motocin kaya da na fasinja. Tun daga aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, hanyoyin karkara sun ƙaru a wannan yanki, kuma duk inda hanya ta gyaru gudu yana ƙaruwa. Ashe ke nan gyaran hanya ƙara bukatar sandar yake yi.

Akwai kuma batun haƙƙi. Mai motar da ke yawon shaƙatawa shi kaɗai cikin daji, in ya cire sandarsa, kansa ya jefa cikin haɗari. Amma matar da ta biya kuɗin mota ta zauna bisa buhu da goyo a baya, ba wanda ya shawarce ta, ba ta kuma da hanyar leƙa ƙarƙashin mota ta ga abin da ya ɓace. Amana ta ba direba. In mota ta kife, akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, alhali kuwa an share wa tsautsayin hanya tun ranar da aka bar ƙarfen a ƙofar gareji.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Mai mota da ke son laushi ya fara da sake amortisar, ya rage iskar taya zuwa ma'aunin da aka rubuta a jikin motar, ya cire fallayen da aka ƙara, ya sa kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. In sanda tana ƙara, robobinta da ƴan sandunan da ke haɗa ta da ƙafa ake sakewa, kuma suna cikin kayan gyara mafi araha a jikin mota. Makanikai, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen direba, su daina koya wa yaransu cewa akwai ƙarfen banza a ƙarƙashin mota. Shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi su duba motar da za ta shiga layi, kamar yadda suke duba takardunta. Masu kula da motocin asibiti da na ayyukan raya karkara su sa wannan ƙarfe cikin jerin abubuwan da ake bincikawa kowane wata. Masu bizit da jandarmomi da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗarin hanya su ma suna da nasu rabon, na dubawa da na wayar da kai.

Wanda ya sauka a Buza ƙugunsa na ciwo, ruwan zafi da kwana ɗaya sun ishe shi. Wanda mota ta kife da shi a gangare, iyalinsa ne za su daɗe suna biyan kuɗin laushin da ba su nema ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye matafiya, ya sauke kowa gidansa lafiya.