Mu Zaga Duniya: Kwana a masaukin da babu wani sai shi

Yau tafiyar mai nisa ce, Ostireliya muka nufa, amma ba manyan biranenta na bakin teku ba. Cikin ƙasar za mu kutsa, inda matafiyi kan yi awa uku yana tuƙi bai ga gida ko ɗaya ba, mu ga a ina yake kwana idan rana ta faɗi.

Ku ɗauko taswira ku nemo jihar Ostireliya ta Kudu. Can wajen arewacinta akwai wata hanyar burji da ake kira hanyar Oodnadatta, a kanta kuma akwai wani ɗan ɗigo da aka rubuta wa William Creek. Mazauna wurin ba su kai mutum ashirin ba, wato ajinku ɗaya ya ninka su. Garin da ya fi kusa da su, Coober Pedy, yana da nisan fiye da kilomita 160, kamar daga Kano zuwa Zariya ke nan, sai dai babu ƙauye a tsakani, babu mai shayi, babu mai faci. Ƙauyen kansa yana tsakiyar wata gonar kiwon shanu ce mai suna Anna Creek, wadda ake lissafa ta a matsayin mafi girma a duniya, don faɗinta ya ninka jihar Legas fiye da sau huɗu.

Duk da haka akwai otal a William Creek. Irin wannan gida Turawa ke kira pub. Mu da mun ji sunan sai mu ce mashaya, kuma ba mu yi ƙarya ba, ana sayar da giya a ciki. Amma wanda ya tsaya a nan bai fahimci rabin aikin gidan ba. Nan ne gidan mai, nan ne gidan abinci, nan ne ɗakin kwana, nan ne ake jin labarin hanya. Ƙananan jiragen sama da ke kai baƙi kallon tafkin gishiri na Eyre kusa da shi suke sauka, sai ka ga jirgi a ajiye kamar yadda ake ajiye Keke Napep a bakin kasuwa.

Akwai dalilin da ya sa kusan kowace tsohuwar mashaya a ƙasar take ɗauke da sunan otal. A zamanin da, dokar ba da lasisin sayar da giya ta wajabta wa mai gidan ya tanadi ɗakunan kwana don matafiya. Hukuma ta san cewa ba za ta iya gina masauki a kowane zango ba, sai ta ɗora nauyin a kan mai neman riba. Shi ya sa har yau a ƙananan garuruwa za ka ga gini mai bene da baranda, ƙasa wurin zama da cin abinci, sama kuma ɗakuna a jere. Kada ku kawo otal ɗin birni a ranku. Sau da yawa gado ne da fanka da tawul, banɗaki kuma ɗaya ne a ƙarshen lungu, kowa da kowa ke amfani da shi. Kicin yana da lokacinsa, wanda ya iso bayan an kashe murhu sai ya kwana da biskit. Kaya suna da tsada, kuma ba mugunta ba ce, domin kowane kwalin madara sai da babbar mota ta yi ɗaruruwan kilomitoci da shi. Ruwa ma na rijiyar burtsatse ne ko na tankin ruwan sama, don haka mai daɗewa a wanka ba ya samun farin jini.

Mafi shahara a cikinsu wataƙila shi ne otal ɗin Birdsville, a jihar Queensland, bakin hamadar Simpson, wanda aka gina a 1884. Mutanen garin ɗari da 'yan kai ne, amma duk watan Satumba ana sukuwar dawaki, dubban baƙi su cika wurin, tantuna ko'ina. Wanda bai kama ɗaki tun da wuri ba sai shimfiɗa a filin Allah. Daga Birdsville zuwa garin Marree da ke kudu kilomita 517 ne, kuma a duk tsawon hanyar wuri ɗaya ake shan mai, shi ma wani otal ne, Mungerannie.

Na san tambayar da ke bakin da yawanku: to Musulmi fa, ya zai yi da gidan da ake sayar da giya? Hukuncin wannan na malamanku ne, ba na wannan fili ba. Abin da zan iya gaya muku shi ne yadda wurin yake. Yawanci ɗakin cin abinci daban yake da teburin masu sha, iyalai da yara suna zama su ci, doka kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba giya. Inda ake bukatar lura shi ne faranti. Akwai wata soyayyiyar kaza da cuku a sama da suke ji da ita, sukan shimfiɗa yankan naman alade a ƙarƙashin cukun, ido ba ya gani. Kifin da ake soyawa da ƙullu, sau da yawa da giya ake dama ƙullun. Har wani lemon tsami mai gas da ake ba waɗanda ba sa sha, ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci wanda ke da barasa a ciki. Tambaya ita ce maganin duk wannan, kuma masu gidan sun saba da ita, ba sa jin haushi. Gasasshen kifi da dankali da ƙwai ba sa wuyar samu.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: Musulmi na cikin waɗanda suka fara zirga-zirgar kaya a waɗannan hanyoyi. Tun daga shekarun 1860 aka riƙa kawo raƙuma da masu jansu daga yankin Afganistan da ƙasar da yanzu ake kira Pakistan, su ne fataken hamadar kafin zuwan mota. A Marree suka yi zango, suka gina masallacin da ake ɗauka shi ne na farko a Ostireliya. Jirgin ƙasan da ke ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin, don tunawa da su ake ce masa Ghan.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. A irin wannan wuri gado shi ne mafi ƙanƙantar abin da masauki ke ba ka. Babban abin shi ne mutumin da ke bayan kanta. Shi ya san inda ruwa ya yanke hanya jiya, inda yashi ke riƙe mota, inda man fetur ya ƙare. Shi zai ce maka kada ka tashi da magariba, domin lokacin ne dabbar kangaru ke tsallaka titi, kuma karo da ita kan kashe mota a inda babu bakanike. Waya ba ta da sabis a mafi yawan hanyar. Idan ka bar ƙofarsa, mai yiwuwa shi ne mutum na ƙarshe da ya ga fuskarka.

A watan Disamba na 1998 wasu matasa biyu, mace da namiji, daga ƙasar Ostiriya ta Turai (kada ku rikita ta da Ostireliya) suka tashi daga William Creek zuwa bakin tafkin Eyre, tafiyar kimanin kilomita 60. Ku tuna cewa Disamba a can tsakiyar bazara ne, don ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, kuma a garin Oodnadatta na wannan yanki aka taɓa auna zafi digiri 50.7 a 1960. Motarsu ta kafe a yashi. Suka jira, ba wanda ya zo, sai suka kama hanya da ƙafa. Namijin ya gaza ya koma wurin motar, macen ta ci gaba. Shi an same shi da rai. Ita an tsinci gawarta a kan hanya, ba ta kai ba. Abin da ya fi ciwo, akwai ruwan sha a inda motar take, kuma da masu ceto suka zo, iskar tayoyi suka rage motar ta fita cikin ɗan lokaci. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sun bar bayanin tafiyarsu kafin su tashi, amma bayanin bai kai ga a fita nemansu da wuri ba.

Abu biyu mutanen yankin ke maimaitawa game da wannan. Na farko, kada ka rabu da mota. Tana da inuwa, tana da ruwa, kuma mai nema daga jirgin sama ya fi saurin hango mota a kan mutum. Na biyu, faɗa wa mai masauki inda za ka yana da kyau, amma bai wadatar ba. Shi yana ganin baƙi da dama a rana. Sai ka haɗa da wani naka, wanda ba zai iya barci ba idan bai ji ka ba, ka ba shi rana da sa'a, ka ce idan lokacin ya wuce ya kira 'yan sanda. A ganina wannan na biyun ya fi muhimmanci, kuma shi ne matasa suka fi rainawa, don suna ganin kamar ana tsare su ne.

Idan rashin lafiya ce ta kama baƙo, asibiti ta sama yake zuwa. Tun 1928 wani limamin coci mai suna John Flynn ya kafa aikin likitoci masu zuwa da jirgin sama, kuma yana nan har yau. A wurare masu nisa ana ajiye akwatin magani wanda kowane magani ke da lamba. Likita na can nesa a waya, ya saurari bayani, ya ce a ba mara lafiya lamba kaza kafin jirgi ya iso.

Mu bar zafi mu koma sanyi. Kudu da babbar ƙasar akwai tsibirin Tasmaniya, nan ne ake samun ɗaya nau'in masaukin, wato wanda aka gina a cikin gandun daji don masu zuwa kallon halitta. Wani mutumin Ostiriya, Gustav Weindorfer, ya gina gidan katako a gindin dutsen Cradle a 1912, ya riƙa saukar baƙi, ya kuma dage har aka keɓe yankin aka hana ɓarna. Yau akwai masaukai masu murhun ɗumama ɗaki a bakin gandun, da yamma baƙo na zaune a baranda zai ga wombat, wata dabba gajeriya mai kiɓa, tana kiwo abinta. Daga nan ake fara wata tafiyar ƙafa ta kilomita 65 wadda ke ɗaukar kwana shida, ana kwana a bukkokin da hukumar gandun ta tanada. A lokacin da baƙi suka fi yawa sai ka nemi gurbi tun da wuri, don ana ƙayyade adadin masu tashi kowace rana. A bakin hanya akwai littafi, ka rubuta sunanka da inda ka nufa, idan ka dawo ka sa hannu.

Ɗaya daga cikin bukkokin yankin yana da labarin da ya shafe ku kai tsaye. A 1965 ɗaliban wata makarantar sakandare ta birnin Launceston sun je yawon buɗe ido da malamansu, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su a kan dutse. Wani malami ya tsaya da wani ɗalibi da ya gaza, su biyun sanyi ya kashe su. Daga baya aka gina bukka a kusa da wurin, aka sa mata sunansu, Scott-Kilvert, don wanda yanayi ya juya wa ya samu mafaka. A can dusar ƙanƙara na iya sauka ko da tsakiyar bazara, shi ya sa ma'aikacin masauki zai dubi takalminka da rigarka kafin ya nuna maka hanya.

Ba sai kun yi fasfo ba kafin ku kwana a irin wannan masauki. Da yawa daga cikin makarantunmu suna kai ɗalibai gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, a sauka a sansanin Wikki, kusa da maɓulɓular ruwan ɗumi da ke kan digiri 31 dare da rana. Dokokin kusan ɗaya ne da na can. Ba a shiga daji sai da jagora, ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. Malami ya ƙirga ɗalibai kafin a tashi, ya sake ƙirgawa bayan an dawo, musamman daga wurin iyo. Kowa ya bar wa iyayensa lambar malamin da ranar dawowa. Sannan ku rufe ƙofa da taga ko da minti ɗaya za ku fita, kuma kada ku yi yawo da leda a hannu, don gwaggon birin Wikki ya san ƙarar ledar biredi fiye da ku.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.