Tayar da Bature ya cire don ya tsira, ita muke ɗora iyalanmu a kai

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin masu ƙananan motoci, tun daga Yamai har Damagaram: wai "okaziyon ta Turai ta fi sabuwa ta Sin." Mai Starlet na faɗinta, mai Yaris na faɗinta, mai 206 na faɗinta, makanike na faɗinta, har malamin lakwal da ya yi shekaru yana tari kafin ya sayi ƴar motarshi, shi ma ya haddace ta. To ni na ce maganar nan ƙarya ce da aka shafa wa mai, kuma tana kai mutane kushewa.

Ku dubi yadda muke sayen taya. Mutum ya tsaya gaban tulin tayoyi a bakin gudron, ya sa yatsa cikin zane ya ji zurfi, ya duba suna ya ga Michelin ko Continental ko Bridgestone, yaron shago ya watsa mata ruwa ta yi baƙi wuluk tana ƙyalli, a yi ciniki, a ɗaura. Shi kenan. Rubutun da ke jikin tayar, wanda kamfanin da ya ƙera ta ya zuba don ya gaya maka gaskiyarta, ba mai kallonshi. Mun yi lakwal, muna karanta kwanan watan da ke jikin gwangwanin madara da na kwalin magani, amma abin da zai ɗauke mu kilomita sama da 600 daga Maraɗi zuwa Yamai, da mata da yara a baya, wannan da yatsa muke auna shi.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai inda aka rubuta DOT, sai haruffa da lambobi su biyo, ƙarshensu lamba huɗu cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi tayar a sati na 23 na shekarar 2016. In ba ka gani ba, leƙa ɗaya gefen, don sau da yawa gefe guda ake buga shi cikakke. In kuwa lamba uku ka tarar maimakon huɗu, to tayar nan kafin 2000 aka yi ta, ta girmi wasu direbobin adaidaita. Roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, tana bushewa, tana tsattsagewa, kuma manne da ke riƙe roba da wayoyin ƙarfen ciki yana saki sannu a hankali. Michelin ɗin nan da kuke rantsuwa da sunanta, ita da kanta ta ce in taya ta kai shekara 5 ana aiki da ita a kai ta wurin masani ya duba kowace shekara, in ta kai 10 daga ranar da aka yi ta a cire, ko da zanenta na nan daram. Wannan shawara ce ta duniya baki ɗaya, har da ƙasashen da rana ba ta dafa ƙwai a kan kwanon mota. Ina ga mu da watan Afrilu ke kai mu digiri 45 a inuwa, gudron kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba?

Yanzu ku tambayi kanku tambayar da mai sayarwa ba ya so a yi: mi ya sa Bature ya cire ta? Mutum a Jamus ko Faransa ko Beljiyam ba ya zubar da taya mai lafiya don yana ƙaunar ɗan Nijar. Ko dai ta tsufa, ko ta daki wani abu ta ji ciwon da ido ba ya gani, ko motar ta yi hatsari an kai ta wurin farfasawa, ko kuma, nan ne nake so ku buɗe kunne, tayar sanyi ce da ta ci rabinta.

Ƙasashen can suna da taya ta musamman don lokacin dusar ƙanƙara. A Jamus doka ta tilasta sa ta in hanya ta yi ƙanƙara, Faransa ma tun watan Nuwamba na 2021 ta tilasta kayan sanyi a wasu yankunanta na duwatsu. Robarta laushi gare ta, an haɗa ta don ta riƙe hanya in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Zanenta zurfi gare shi, da ƙananan tsage-tsage birjik kamar an yi mata kalangu. Tana ɗan cinyewa sai su cire ta, don ta daina kama ƙanƙara yadda suke so, alhali a idonmu mu zanenta bai ko taɓu ba. Wato ita ce ta fi kowace kyau a cikin tuli, ita ce yatsanka zai fi nutsewa ciki, ita ce za a ce maka "Alhaji wannan kamar sabuwa take." Alamarta a fili take: hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, sau da yawa da M+S a kusa, wani lokaci ma da kalmar Winter ko Alpin a cikin sunanta. Ka ɗauki roba da aka yi don digiri 7, ka ɗora ta a gudron ɗin Madawa da ƙarfe biyun rana, ka taka 110. Tana narkewa da sauri, mota na lilo a kwana, birki ya fi daɗewa kafin ya tsayar da kai. Ranar da jaki ya fito maka a mashigar wani ƙauye tsakanin Gidan Rumji da Tibiri, ranar za ka san bambancin mita biyar.

Ban ma zo kan yadda ake kawo su ba. Don a rage kuɗɗin kwantena, ana cusa taya cikin taya, biyu, wani lokaci uku, da ƙarfin tsiya. Bakin tayar, wanda shi ne ke kama jant, waya ce ta ƙarfe a ciki. In aka lanƙwasa ta aka murɗe don a tura ta cikin ƴar uwarta, sannan ta yi makonni a matse, a teku, a tashar ruwa, a bayan kamyon, ba ta komawa yadda take. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina, hanyar ta ƙara tsawo, kuɗɗin sufuri ya ƙaru. Wanda kuɗɗin sufuri ya ƙaru a kanshi, kuna tsammani rage cusawa zai yi?

Sai kuma ƴan sassaƙa. Taya ta yi sanƙo, a ɗauki ƙarfe mai zafi a fiƙe mata sabon zane. A manyan tayoyin kamyon akwai waɗanda kamfani ya bar musu kaurin roba don a yi haka, kuma yana rubutawa a jikinsu. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan kauri, abin da ke ƙarƙashin zane waya ce kawai. Wanda ya sassaƙa ta ya sayar maka, walahi ban san sunan da zan ba sana'arshi ba in ba ha'inci ba. Hanyar gane ta ba wuya: a cikin ramin zane na asali akwai ƴan tudu-tudu ƙanana da kamfani ya sa, tsayinsu milimita 1,6, su ne ke nuna iyakar cin taya. In ka bi ramin da ido ba ka ga tudun ba, ko ka ga zanen a karkace kamar shatin garma, ajiye ta ka yi gaba.

Makwabtanmu sun riga mu farkawa, aƙalla a takarda. Nijeriya ta sa tsoffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su. Gana tun 2012 dokar hanyarta ta hana sa tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Ko suna aiki da dokokin yadda ya kamata, wannan tasu ce ta shafa. Mu dai abin da wasu suka kira shara, a nan hajja ce mai daraja, har da kirari.

Na san amsar da za a ba ni, don duk ranar da aka taɓo zancen mota a gidan rediyo ita ce ta farko da ke shigowa ta waya: "Malam kai albashi gare ka, mu talakawa ne." Ban raina wannan magana ba. Ɗan taksi mai jan kai a Yamai da zai kai wa mai mota bersma kowane dare, ya sha esans, ya bar kuɗɗin cefane, in taya ta mutu mishi ranar Talata ba shi da zaɓi sai abin da aljihunshi ya kai. Amma mu yi lissafi na gaskiya. Okaziyon ɗin da ka saya da araha, sau nawa ka koma wurin mai kolaj da ita? Wata nawa ta yi kafin ta yi ƙulu a gefe? Sau nawa za ka sayi irinta kafin sabuwa guda ta ƙare? Jika-jikan da ke fita kaɗan-kaɗan ba su da zafi, shi ya sa ba mu ƙirga su. Sannan da yawa daga masu kukan talaucin nan, dan Allah mu ji tsoron Allah, motarsu na da gilashi baƙi, da jant na alminiyam mai walƙiya, da bafful a but da ke girgiza unguwa. Kuɗɗin kiɗa ya samu, na taya ne ya gagara.

Ita kuma "ta Sin" da ake zagi, Sin ɗin ba shago guda ba ne. Michelin kanta tana da masana'anta a Shenyang. Akwai manyan kamfanonin can irin su Linglong da Triangle da Sailun da ke sayar da tayoyinsu a cikin Turai ɗin da muke bauta wa, akwai kuma tarkacen da ba a san uwarsu ba a san ubansu ba. Abin da zai raba maka su shi ne dai rubutun nan. Nemi harafin E cikin zagaye da lamba kusa da shi, shaidar cewa samfurin ya cika ƙa'idar Turai. In an rubuta Temperature, dubi harafin da ke gaba: A ta fi jure zafi, B na bi mata, C ce ta ƙarshe, kuma ƙasarmu ba ƙasar C ba ce. Sannan sabuwar ma a duba ranar haihuwarta, don akwai "sabuwa" da ta shekara biyar a rana gaban shago tana jiran ka.

Girman taya shi ma ba abin son rai ba ne. Yawancin Yaris na farko da 206 za ka ga 175/65 R14 82T, ko wani abu kusa da haka. 175 faɗi ne da milimita, 65 tsayin gefe ne, 14 girman jant. Lambar da aka fi mantawa ita ce 82: tana nufin kilo 475 kowace taya ke iya ɗauka, shi ma sai in iskarta ta cika. In ka ga 79, kilo 437 ne. T ɗin kuma iyakar gudunta ce, 190. To ka zuba mutum huɗu a kujerar baya, buhun gero biyu a but, da jarkar mai, duk nauyin a kan tayoyi biyu na baya, ka gaya mini ina ka bar musu wurin numfashi. Kada ka sauka ƙasa da lambar da kamfanin motar ya sa. Tana rubuce a ɗan tambarin da ke jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Masu sa jant babba da taya siririya don gayu kuwa, ramin farko a hanyar latarit zai ba su amsa, ba sai na ɓata bakina ba.

A wannan tambarin ne kuma aka rubuta yawan iska, galibi kilo 2 da ɗan wani abu ga irin motocin nan. Mu kuwa yaron mai kolaj ya buga, ya daki tayar da ƙafa ko da sifana, ya ce ta yi. Wasu direbobi ma da gangan suke rage iska lokacin zafi, wai kada ta fashe. Abin a juye yake. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwashewa tana miƙewa duk juyi, ta yi zafi daga ciki har roba ta rabu da waya. A auna da safe tana sanyi, da ma'auni, kuma in ka tsaya a Dogon Dutsi ka tarar iskar ta hau don tafiya, kada ka sace ta, haka ya kamata ta yi. Faci a gefen taya ba gyara ba ne, sa shambar cikin tayar da ta yi ƙulu shi ma ɓoye ciwo ne.

In biyu kawai ƙarfinka ya kai, sayi biyun iri ɗaya, kuma ka sa su baya. Na san makanikai da yawa za su yi mini ca, su ce injin na gaba, jan mota na gaba. Kamfanonin taya da kansu baya suke cewa. In gaba ta zame kana da bolan a hannu, kana ji, kana iya gyarawa. In baya ta zame ko ta fashe kana cikin gudu, ƴar mota maras nauyi irin Starlet juyawa take ta kalli inda ta fito, daga nan sai wuntsilawa.

Hukuma ma ba za ta fita ba. Daga Damagaram zuwa Yamai shinge nawa ne? A kowane za a karɓi permi, kart giriz, asirans, takardar bizit teknik, a juya su gaba da baya. Sau nawa kuka ga wani ya sunkuya ya karanta lamba huɗun nan? Ba na'ura take buƙata ba, ido ne da daƙiƙa goma. Haka a duwan: in ba za a hana okaziyon gaba ɗaya ba, don na san akwai gidaje da yawa da ke ci daga sana'ar, mi zai hana a ce wadda ta wuce shekaru kaza ba ta shiga, mai hoton ƙanƙara ba ta shiga, wadda aka cusa cikin wata ba ta shiga?

Ga masu shigo da tayoyi da shugabannin ƙungiyoyinsu na Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai, makirfo a buɗe yake. Ku zo da taya guda daga cikin tulinku, wadda ni zan zaɓa, mu karanta gefenta tare mutane na ji.